Fayafayan Gerry Mulligan: wane dare kake saurare, kuma ta hannun wa ya iso gare ka?

A shekarar 2015 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya wani kiɗa na Gerry Mulligan, makaɗin jazz, cikin jerin sautukan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi. Kiɗan shi ne "My Funny Valentine", wanda ya busa tare da Chet Baker, mai turampet. To amma sau biyu mutanen nan suka ɗauki wannan kiɗa cikin ƙasa da shekara guda. Na farko a watan Satumba na 1952 a San Francisco, suka yi wa kamfanin Fantasy, tsawonsa wajen minti uku. Shi ne ya yi kasuwa, shi ne kuma ya fito da sunan Baker. Na biyu ranar 20 ga Mayu, 1953, a wani ɗan ƙaramin kulob mai suna The Haig a Los Angeles, mutane na zaune suna saurare, kuma ya haura minti biyar. Masu zaɓen suka bar wanda ya yi kasuwa, suka ɗauki na kulob.

Yau in ka rubuta sunan kiɗan a manhajar sauraron waƙa, za a jero maka shi ƙarƙashin hotuna iri-iri, wani ma da shekarar da ba ta da haɗi da lokacin da aka busa shi. Da wuya ka ga abin da zai nuna maka wanne ne na San Francisco, wanne ne na The Haig, wanne ne kuma na 1974, sa'ad da mutanen biyu suka sake haɗuwa a zauren Carnegie Hall. Duk tsofaffin makaɗan jazz na fama da wannan ruɗani, amma a ganina ya fi cutar da Mulligan, domin kiɗansa ya dogara ne kacokan kan wanda ke tsaye kusa da shi a wannan dare da abin da suka ce wa juna da ƙaho. In ba ka san daren ba, ba ka san abokin busar ba, rabin abin ya wuce ka.

An haifi Mulligan a New York ranar 6 ga Afrilu, 1927, ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1996. Abin busarsa saksofon ne, amma ba alto ko tena da aka saba gani ba. Bariton yake busawa, katon ƙaho mai nauyin kilo biyar ko fiye da ake ratayawa a wuya, mai murya kakkaura. Kafin shi, wanda aka sani da wannan ƙaho shi ne Harry Carney, wanda ya zauna a ƙungiyar Duke Ellington daga 1927 har zuwa 1974, yana riƙe mata gindi da sauti mai cika ɗaki. Mulligan ya bi wata hanya dabam. Ya rage wa ƙahon nauyi a kunne, ya riƙa yawo a saman muryarsa, da laushi da natsuwa, har mai sauraro ya manta girman abin da ke hannunsa. Kuma tun kafin a san shi da busa an san shi da tsara kiɗa, wato raba wa kowane ƙaho abin da zai busa. Lokacin da Miles Davis, mai turampet, ya haɗa ƙungiyar mutum tara da ta yi wa kamfanin Capitol ɗauka a 1949 da 1950, Mulligan na cikin waɗanda suka fi kowa yawan rubutu a wannan aiki, tare da Gil Evans da John Lewis. Daga nan ne aka fi lissafa farkon salon da ake kira cool jazz.

Abin da ya mayar da shi tauraro ya faru ne a Los Angeles a 1952. Ya haɗa mutum huɗu: shi da bariton, Chet Baker da turampet, mai bas, da mai ganguna. Babu fiyano. Ga wanda bai saba da jazz ba, wannan zai yi kama da ƙaramin abu, alhali babba ne. Aikin fiyano a irin wannan ƙungiya shi ne danna gungun sautuka a kai a kai, waɗanda ke nuna wa mai busa da mai sauraro inda kiɗan ya dosa. Da aka cire shi, sai nauyin ya koma kan mai bas da kan ƙaho na biyu. Idan Baker na gaba, Mulligan na ƙasa yana binsa da wani layi dabam, wani lokaci dogayen sautuka biyu ko uku kawai, waɗanda suka isa su nuna hanya. Idan Mulligan ya karɓa, Baker ya koma baya ya yi masa haka. A ƙarshen kiɗa kuma sukan saki jiki su busa tare, kowa na ƙirƙirar nasa nan take, layukan biyu na kusantar juna suna rabuwa ba tare da sun yi karo ba. Wani sashe a rubuce yake, amma sashe mai yawa kunne ne ke yin sa. Abin da kunne ke yi kuwa ba ya maimaituwa daidai wa daida. Na daren Talata dabam, na daren Laraba dabam.

Nan ne batun faifai ya shigo. A farkon shekarun 1950 yawancin kiɗan da ake fitarwa ana yin sa ne da tunanin faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wanda fuskarsa ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Richard Bock, wanda ya kafa kamfanin Pacific Jazz a 1952, da wannan ƙungiya ya buɗe kasuwa, da kiɗan "Bernie's Tune" da aka ɗauka a watan Agusta. Waɗannan gajerun ɗauka suna da kyau ƙwarai, babu abin zubarwa a cikinsu, kuma ni ba na cikin masu raina su. Amma ma'aunin faifai ne ya yanke musu tsawo. Kowa ya samu zagaye ɗaya ko rabi, a koma kan amshi, a rufe. A kulob babu mai duba agogo haka.

Saurari na The Haig da kyau za ka ji bambancin. Kulob ɗin bai ɗaukar mutum ɗari. Larry Bunker ya buɗe da ɗan bugu a hankali, Carson Smith ya shigo da bas, sautuka ɗai-ɗai masu tazara. Baker ya fara, a ƙasa-ƙasa, ba ya ado, yana barin fili tsakanin jimla da jimla. A cikin wannan fili ne za ka ji Mulligan ya shigo da wani kauri mai laushi, har da hucin iskar da ke wucewa ta bakin ƙahon kafin sautin ya kama. Babu wanda ke sauri. Minti biyun da suka ƙaru a kan na San Francisco lokaci ne da kowane sauti ya samu ya gama faɗin abin da ya zo faɗa kafin na gaba ya shigo. A watan Janairu na wannan shekara ma an ɗauki Lee Konitz da altonsa yana zaune da su a kulob ɗin, ƙaho uku ke nan ba fiyano, kuma waɗannan ɗauka na cikin mafi kyawun abin da Konitz ya bari.

Ƙungiyar ba ta cika shekara ba. A 1953 aka kama Mulligan kan ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ya yi watanni a tsare. Kafin ya fito Baker ya riga ya zama mai cin gashin kansa, maganar kuɗi kuma ta hana su komawa. Saboda gajartar zamanta, duk wani guntun tef da ya rage na wannan ƙungiya ya zama abin nema, kuma shi ya sa aka fi sake fitar da ita fiye da duk abin da Mulligan ya yi daga baya.

Wanda ya maye gurbin Baker shi ne Bob Brookmeyer, mai turombon irin na maɓallai. Ni a nan nake ganin an fi tauye wa Mulligan hakki, domin hasken sunan Baker ya rufe wannan zamani, alhali ta fuskar musayar busa babu wanda ya dace da shi kamar Brookmeyer. Muryoyinsu na kusa da juna, dukansu masu tsara kiɗa ne, kowa na hango inda ɗan'uwansa zai sa ƙafa. Mafi yawan shaidar hakan kuwa a fayafayan dandali take. A farkon watan Yuni na 1954 suka yi darare a zauren Salle Pleyel da ke Paris, tare da Red Mitchell a bas da Frank Isola a ganguna. Kamfanin Vogue na Faransa ya ɗauka, Pacific Jazz ya fitar da zaɓaɓɓu a Amurka. Za ka ji tafin Faransawa kamar zai tsaga zauren, za ka kuma ji yadda tafin ke ƙara wa mabusan kuzari. Masu cewa cool jazz kiɗa ne marar jini ba su saurari wannan ba. A ƙarshen 1954 aka ɗauke shi a zaurukan makarantun sakandare biyu a Kalifoniya, ɗaya a Stockton cikin Nuwamba, ɗaya a San Diego cikin Disamba, inda Jon Eardley da Zoot Sims suka shigo. A Disamba na 1956 kuma aka ɗauke shi a kulob ɗin Storyville na Boston da Brookmeyer da Bill Crow da Dave Bailey. A irin waɗannan darare ne ake jin abin da studiyo ba ta cika nunawa ba: mutumin da aka sani da korar fiyano yakan ajiye ƙaho ya zauna ya kaɗa fiyano da kansa.

Sai dai abin da ya fito a wancan lokaci yanki ne na abin da aka ɗauka. Dogon faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, fuskarsa ɗaya na ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, duka biyun wajen minti arba'in. Dare guda a kulob kuwa zama uku ne ko huɗu. Dole wani ya zaɓa, ya kuma yanke. Yankan na zahiri ne: mai aikin zai saurari tef, ya tsayar a inda yake so, ya murza shi da hannu gaba da baya a kan na'ura har ya gano daidai bugun gangar, ya sa alama da fensir mai maiƙo, ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe mai tsaga, ya ja reza a karkace, ya haɗa da ɗaya ɓangaren da siririn salatif. In hannu ya ƙware ba za ka ji komai ba. In bai ƙware ba, za ka ji ƙarar farantin ganga ta yanke tsakiyar numfashi, ko hayaniyar ɗaki ta sauya farat ɗaya. An san Bock da yawan irin wannan yanka, yakan rage zagayen wani mabushi ko ya haɗa farkon ɗauka ɗaya da ƙarshen wata. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take a lokacin, kuma sau da yawa kunnensa na da kyau. Amma sakamakonsa shi ne, kiɗa ɗaya na iya fitowa da tsawo biyu a fayafayai biyu, kuma inda aka yanka ainihin tef ɗin aka zubar da guntun, babu mai iya dawo da shi.

Da faifan CD ya zo a 1982, mai ɗaukar minti saba'in da ɗoriya, sai ƙofa ta buɗe. Wasannin Kalifoniya da suka fito a faifai ɗaya suka koma biyu. Na Paris ma haka. Na Storyville ya samu ƙari. Ga mai son sanin yadda Mulligan ke tafiyar da dare, wannan babbar riba ce.

A 1960 ya kafa babbar ƙungiya mai mutum goma sha uku, Concert Jazz Band, wadda ya so ta riƙa motsi da sauƙi irin na mutum huɗu, ita ma ba ta da mai fiyano na dindindin. A watan Disamba na wannan shekara aka ɗauke ta a Village Vanguard, wani kulob na ƙarƙashin ƙasa a New York da Max Gordon ya buɗe tun 1935, ɗaki ƙarami wanda mutum goma sha uku da kayansu ke cinye wani sashe nasa mai yawa. In za a ce in zaɓi faifan Mulligan guda ɗaya, wannan zan ɗauka. A kiɗan "Blueport" akwai inda shi da Clark Terry, mai turampet, suka shiga musaya: wannan ya busa gajeriyar jimla, wancan ya mayar masa, kowa na cusa guntun wata sananniyar waƙa a cikin tasa, ɗan'uwan ya gane ya amsa da wata. Tazarar na raguwa, Mel Lewis na tura su da ganguna, sauran ƙahonni na shigowa daga baya da gajerun amsoshi da ba a jin alamar takarda a cikinsu. Raha ce tsantsa tsakanin ƙwararru biyu, kuma da wuya a samu irinta a studiyo, inda kowa ke tunanin kada ya ɓata ɗauka.

Riƙe mutum goma sha uku kuɗi ne. Norman Granz, mai kamfanin Verve, shi ne ya tsaya wa ƙungiyar, ya kai ta rangadin Turai a 1960 tare da Zoot Sims. A ƙarshen shekarar ya sayar da Verve ga MGM, gatan ya ragu, ƙungiyar ta ci gaba da tashi da faɗuwa na 'yan shekaru. Abin da ya cece ta a tarihi, ban da fayafayan Verve, shi ne gidajen rediyon Turai, waɗanda suka saba ɗaukar baƙin makaɗa su ajiye tef a ma'ajiya. Wasanninta na zauren Olympia a Paris da na Zurich a ƙasar Suwizalan sun fito a CD bayan shekaru masu yawa ta wannan hanya. Wannan wani nau'i ne dabam: ba sake fitarwa ba ne, fitowar farko ce ta abin da ya daɗe a ajiye, kuma ingancinsa ya danganta da injiniyan da ke bakin aiki a daren da irin ajiyar da aka yi wa tef ɗin.

To wa ke da ikon sake fitarwa? A nan ne zaren ya fi sarƙewa. Pacific Jazz ya koma hannun Liberty a 1965, daga nan United Artists, daga nan EMI a 1979, wanda ya haɗa shi da Blue Note, daga bisani duka suka faɗa hannun Universal, wanda shi ne kuma ke riƙe da Verve. Fantasy ya bi tasa hanya har ya koma hannun Concord. Abin da Mulligan ya yi wa Columbia yana wajen Sony. Kowane sauyin hannu na nufin an kwashe akwatunan tef daga wannan ma'ajiya zuwa waccan, wasu da rubutu a jiki, wasu babu. A 1983 Michael Cuscuna da Charlie Lourie suka kafa Mosaic, ƙaramin kamfani mai karɓar izini daga manyan, ya shiga ma'ajiyarsu, ya tattara duk abin da wani makaɗi ya yi wa kamfani guda, ya fitar da adadi ƙayyadadde tare da ɗan littafi mai kwanan wata da sunan kowa. Akwati na biyu da suka fitar na Mulligan da Baker ne, fayafayai biyar na ɗaukar Pacific Jazz da Capitol. A 2003 suka yi wa babbar ƙungiyar irin wannan hidima da CD huɗu na Verve, har da abubuwan da ba a taɓa ji ba. Duk mai sauraron Mulligan da gaske yana cin moriyar wannan aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma ko a nan akwai abin lura. Akwatin da ya tattara duk abin da aka yi wa Pacific Jazz da Capitol ba zai ƙunshi na Fantasy ba, domin mai shi dabam ne. Ke nan kana iya mallakar akwatin da aka ce ya cika, kuma ba ka da kiɗan da ya fi kowanne kasuwa a wannan ƙungiya. Sannan akwai batun jerawa. Masu tattarawa sukan bi tsarin kwanan wata, su sa ɗauka ta farko da ta biyu na kiɗa ɗaya a jere. Ga mai nazari wannan alheri ne, zai ga yadda Baker ya sauya shawara tsakanin wannan da waccan. Ga wanda ya zauna da yamma don ya ji daɗi kuwa, maimaici ne mai gajiyarwa, kuma ya rushe jerin da aka tsara wa faifan asali da tunani. Na fi son inda aka bar faifan yadda ya fito, aka tara ƙarin a ƙarshe. Kuma ba duk abin da aka bari a ma'ajiya ne aka bari bisa kuskure ba. Wani an bar shi ne don mabushin da kansa ya ji bai yi ba.

Sai batun sauti, wanda shi ne ya fi ɓuya ga mai saye. Ainihin tef ɗin da ya juya a daren ɗauka shi ne uwa. Daga shi ake kwafa, daga kwafin a sake kwafa don aika wa reshen kamfani a wata ƙasa. Duk wanda ya taɓa sauraron tsohon kaset na mawaƙanmu da aka gurza daga wani kaset, shi ma daga wani, har kalangu ya dushe muryar ta koma kamar daga cikin rijiya, ya san abin da kowane kwafi ke ci. A bariton, abin da ke fara tafiya shi ne kaurin ƙasa da hucin nan na sama, sai a bar ka da tsakiya mai kama da hanci. A shekarun 1960, da sitiriyo ya zama abin yayi, kamfanoni suka riƙa ɗaukar tsofaffin ɗauka na mono, wato masu hanyar sauti guda ɗaya, suna raba su ta dabara, a tura kauri lasifikar hagu, siranta ta dama, a ƙara amsa-kuwwa. Kiɗan da gaba ɗayansa ya ginu kan yadda ƙaho biyu ke cakuɗuwa a wuri guda ba ya jure wannan. A farkon zamanin CD kuma wasu suka matsa wajen goge shuu ɗin tef da na'ura, har suka goge numfashin mabushi tare da shi. Ɗan shuu kaɗan a tsohuwar ɗauka alama ce mai kyau, yana nufin ba a kankare ta ba.

Doka ma ta taka rawa. A Tarayyar Turai haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka shekara 50 ne a da. An ƙara shi zuwa 70 daga 2013, amma ƙarin bai koma baya ba, saboda haka abin da ya fito kafin 1963 ya riga ya kuɓuce. Ka duba shekarun: The Haig, Paris, Kalifoniya, Storyville, Village Vanguard, duk sun faɗa ciki. Kowane kamfani a can na iya fitar da su ba tare da ya nemi izinin mai tef ba. Wasu daga cikin masu yin haka mutanen kirki ne masu son kiɗan, suna bincike, suna rubuta bayani, har suna haɗa ɗaukar Fantasy da ta Pacific Jazz a wuri guda, abin da masu tef ɗin ba su iya yi ba. Wasu kuwa CD ɗin da wani ya sha wahalar gyarawa suke kwafa, su sauya hoto, su cusa fayafayai takwas a akwati mai arha ba kwanan wata ba sunan kowa. Abu ɗaya ya haɗa su duka: ba su da uwar tef. Yawancin jerin nan masu hotuna iri-iri da ke cika manhajojin waya daga wannan ɓangare suke fitowa.

Saboda haka kafin ka saya ko ka danna, nemi abu uku a bayan kwali ko a bayanin da ke ƙasa: ranar da wurin ɗauka, sunayen waɗanda suka yi kiɗan, da sunan wanda ya gyara sautin tare da inda ya samo shi. Wanda ya yi aiki da uwar tef ba ya ɓoyewa, yakan faɗa da alfahari. Inda aka yi shiru a kan duka ukun, tsawon kiɗan kansa na iya taimaka maka: a "My Funny Valentine", minti uku na San Francisco ne, biyar da ɗoriya na The Haig.

Shekarunsa da suka biyo baya ba su cika shiga wannan rububi ba, tunda haƙƙinsu na nan daram a hannun masu shi, sai dai hakan ya sa ba a cika jin su ba. Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 ya yi ta yawo da Dave Brubeck mai fiyano, da Jack Six a bas da Alan Dawson a ganguna. Wasansu na Berlin a Jamus cikin Nuwamba na 1970 ya fara fitowa a taƙaice, sai a shekarun 1990 aka fitar da shi a CD biyu. A nan Mulligan ya fi zafi da ƙarfi fiye da yadda aka san shi, yana busa a kan fiyano mai nauyin hannu, kuma Jamusawan sun ƙi barin su su sauka. Wannan misali ne na inda ƙarin ya sauya ma'anar faifan baki ɗaya, domin tsawon daren da yadda ya yi ta hauhawa su ne labarin.

Haɗuwarsa da Baker a Carnegie Hall ranar 24 ga Nuwamba, 1974, wadda kamfanin CTI ya ɗauka, ita ce aka fi saurin ruɗewa da ita. Sunayen biyu ne a kwali, har da wasu tsofaffin kiɗan, amma ƙungiyar wata ce: Bob James da fiyanon lantarki, Ron Carter a bas, Harvey Mason a ganguna, da wani matashi mai jita, John Scofield, wanda a lokacin yake farawa. Filin nan na tsakanin jimla da jimla da aka sani a 1953 ya cike. Baker ya sha wuya a rayuwa, ya rasa haƙora ya sake koyon busa, kuma ana jin hakan a sautinsa ta hanyar da ke taɓa zuciya. Faifai ne mai daraja in ka saurare shi a matsayin na 1974. Wanda aka miƙa masa shi a matsayin samfurin ƙungiyar da ba ta da fiyano kuwa, an ɓatar da shi.

Aikin ƙungiyar mutum tara ta Miles Davis ya bi duk waɗannan matakai, har da wani ƙari. Ya fara fitowa a fayafayan 78, aka tattara shi a dogon faifai a 1957 da sunan Birth of the Cool. A 1998 aka sake fitar da shi haɗe da ɗaukar rediyo ta watan Satumba na 1948 daga kulob ɗin Royal Roost a New York, wato kafin su shiga studiyo. Sautin rediyon ya dushe, amma a nan ne kawai ake jin tsarin Mulligan da na Evans da sarari, mabusa na samun zagaye fiye da abin da minti uku ya bari. Ƙarin shi ne, Mulligan da kansa bai gamsu da a yi ta goge tsohon tef ba. Ya yi maganar sake busa kiɗan da Davis, sai Davis ya rasu a Satumba na 1991. A 1992 ya shiga studiyo da Wallace Roney a turampet da Phil Woods a alto, tare da John Lewis da Bill Barber daga cikin mutanen farko, suka fitar da Re-Birth of the Cool a kamfanin GRP. A wannan ɗauka kana jin layin tuba da na sauran ƙahonnin tsakiya dalla-dalla, abin da na'urar 1949 ta dunƙule wuri guda. Mai son ya fahimci yadda Mulligan ya jera ƙahonni shida ya fara da ta 1992, sannan ya koma ta 1949 da ta Royal Roost ya nemo waɗannan layuka a cikinsu.